Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin jiragen sama na Najeriya: kada a manta da ƙaramin jirgi a kan titi

Zuwa ga shugabannin NCAA mai sa ido kan dokokin sufurin jiragen sama, da NAMA mai kula da zirga-zirgar jirage da jami'an hasumiya, da FAAN mai kula da filayen jirage, da kuma malaman Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, tare da roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ni tsohon malamin tuƙin jirgi ne. Ƙananan jirage na koyar, masu inji ɗaya da kujera biyu ko huɗu, kuma yawancin shekarun aikina a ƙasar waje na yi su. Abin da na fi sani a wannan sana'a shi ne zaman cikin ɗan ƙaramin jirgi a bakin titin sauka da tashin jirage, farfela na juyawa, manyan jirage na wucewa ta gabanka har ƙasa na girgiza, kana jiran hasumiyar da ke ba jirage izinin tashi da sauka ta kira lambarka. Daga wannan kujerar nake rubuto muku.

Wata rana gab da magariba, a wani filin jirgi mai cunkoso da ba zan ambaci sunansa ba, hasumiya ta ce mu hau titi mu jira. Muka hau, muka daidaita hancin jirgi da tsakiyar titi, muka taka birki. Ɗalibina ne ke riƙe da jirgin. Duk wanda ya hau titi yana jira, to ya ba masu sauka baya, ba shi da idon ganin abin da ke tafe. Minti ɗaya ya wuce, rediyo na ta kai da komo, ba wanda ya ambace mu. Can sai na ji an ba wani jirgi izinin sauka, kuma lambar titin da aka faɗa ita ce ta wanda muke kai. Yaron ma ya ji. Na ga yatsansa a kan maɓallin rediyo, amma bai danna ba. Na danna nawa, na ce muna kan titi fa. Nan take muryar jami'in ta canza, ya umarci wancan jirgin ya fasa sauka ya sake zagayowa, muka ji rurinsa ya ratsa ta samanmu. Da muka kashe inji na tambayi yaron abin da ya hana shi magana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, na ɗauka sun fi ni sani."

Wancan jami'in ba malalaci ba ne, ba kuma sabon shiga ba ne. Na sha jin muryarsa, na san ya iya aikinsa. Mantuwa ya yi, irin wadda kowane ɗan Adam ke yi idan abubuwa goma sun taru masa a kai lokaci guda. Abin da ya hana ni barci a daren shi ne, tsakanin mantuwarsa da mutuwarmu babu wata katanga sai kunnena. Wannan ita ce maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. A filin da ke da hasumiya, bai kamata ran ɗalibi da malaminsa, da ran fasinja 150 da ke saukowa a bayansu, ya rataya a kan tunawar mutum ɗaya ba.

Ƙungiyar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, tana kiran abin da kutsen titi: jirgi ko mota ko mutum ya kasance a kan titin sauka da tashi, ko a cikin iyakar da aka keɓe masa, alhali bai kamata yana wurin ba. Amurka, wadda ta fi kowa yawan ƙananan jirage, tana ƙirga irin wannan sama da 1,700 a shekara. Mafi yawansu kuskuren matuƙa ne, kuma mafi yawan waɗannan matuƙan na ƙananan jirage ne. Akasari abin yakan wuce ba tare da ko ƙwarzane ba. Amma sun rubuta, sun ƙirga, sun kasa shi mataki huɗu gwargwadon kusancin haɗari, shi ya sa suka san inda ciwon yake.

Ku ba ni dama in tsaya a kan haɗari guda, domin duk lokacin da na tuna da magaribar nan shi ke faɗo mini a rai. Ranar 9 ga Maris 2000, da hantsi, gari a washe, a filin jirgin Sarasota da ke jihar Florida. Wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 152, malami da ɗalibi a ciki, yana farkon titi mai lamba 14. Wani Cessna 172 kuma an ba shi hanya zuwa wata mahaɗa da ke can gaba, inda ƙaramar hanyar shiga ta tarar da titin a tsakiya, don ya tashi daga nan. Ƙananan jirage sukan yi haka kullum, tunda ba sa buƙatar dukan tsawon titi. To amma 'yar takardar da mai kula da zirga-zirgar ƙasa ya miƙa wa mai kula da titi ta nuna kamar daga farkon titi 172 ɗin zai tashi. Mai kula da titi ya ba 152 izinin tashi. Ya duba farkon titi, ya ga wani Cessna a layi, ya ɗauka shi ne 172, sai ya kira 172 a rediyo ya ce ya hau titi ya jira. A ransa, a bayan mai tashi ya ajiye jirgi. A zahiri, a gabansa ya ajiye shi. Mutum 4 ne a cikin jiragen biyu, babu wanda ya fita.

Babu hazo a ranar, babu duhu, babu injin da ya lalace, kuma kowa Turancinsa yake ji. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta ɗora laifi a kan jami'an hasumiya, ta kuma ce waɗanda ke cikin 172 ba su duba titi ba kafin su hau. Amma ba ta tsaya nan ba. Ta ce ƙa'idojin aikin kansu ba su tanadi hanya ta biyu ta tabbatar da inda jirgi yake ba. Jimla ɗaya a rediyo da ta isa: matuƙi ya ce ina mahaɗa kaza, jami'i ya maimaita sunan mahaɗar a cikin izininsa.

Shekara 9 kafin nan an riga an ga irin wannan a Los Angeles, da hasara mafi girma. Ranar 1 ga Fabrairu 1991, bayan faɗuwar rana, jami'ar hasumiya ta sa wani ƙaramin jirgin fasinja na kamfanin SkyWest ya hau titi daga wata mahaɗa ya jira. Hankalinta ya rabu: ga wani jirgi da ya ɓace mata a rediyo, ga wani da takardarsa ba ta iso gabanta ba. Ta manta da na kan titi, ta ba Boeing 737 na USAir izinin sauka. Na'urar rada mai nuna abin da ke ƙasa ba ta aiki a daren, hasken fitilun harabar filin yana kashe ido daga hasumiya, kuma ƙaramin jirgin ya saje da fitilun titi. Boeing ya sauka a kansa. Mutum 12 da ke cikin ƙaramin duka suka rasu, da 23 daga cikin babban. Masu bincike suka ƙi su rataya komai a wuyan matar nan ita kaɗai. Suka ce shugabannin wurin ne suka bar tsarin da idan mutum ɗaya ya yi tuntuɓe babu mai tare shi. Bayan wannan ne Amurka ta taƙaita sa jirgi ya hau titi daga mahaɗa ya jira da dare.

Me ya sa ƙaramin jirgi ne kullum a tsakiyar labarin? Na farko dai ƙanƙanta. Fiffiken Cessna 172 daga wannan baki zuwa wancan mita 11 ne, nauyinsa da kaya bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Daga hasumiyar da ke nesa da kilomita ɗaya ko biyu, fari ne kamar sauran 'yan'uwansa fararen, uku a jere ba ka bambance su. Sannan a babban jirgi matuƙa biyu ne, ɗaya na tuƙi ɗaya na sauraro da rubutu. A ƙaramin sau da yawa mutum ɗaya ne ke tuƙi da ƙafa, yana duba taswira a cinya, yana canza tashar rediyo, yana neman allo a gefen hanya. In kuwa ɗalibi ne, rabin ƙwaƙwalwarsa na can wajen shirya abin da zai faɗa. Ga bambancin gudu: Cessna yana zuwa sauka da wajen kilomita 120 a awa, Boeing 737 da wajen 250. Jami'in da ke haɗa su a titi ɗaya kamar mai ba da hannu ne a mararrabar da amalanke da tirela ke bi tare, sai dai tirelarsa ba ta da ikon tsayawa.

Akwai kuma makantar da ƙirar jirgi ke jawowa. Mai fiffike a sama ba ya ganin abin da ke bisansa, mai fiffike a ƙasa ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Ranar 17 ga Yuli 2022 a filin North Las Vegas, inda tituna biyu ke kwance kafaɗa da kafaɗa, an ba wani ƙaramin jirgi ƙirar Piper izinin sauka a titi mai lamba 30 na hagu. Matuƙin ya maimaita daidai, na hagu, amma ya karkato ya nufi na dama, inda wani Cessna 172 na koyo ke saukowa. Piper fiffikensa a ƙasa, Cessna a sama. Mutum 4 suka rasu. A nan ma rahoton bincike ya wuce kan matuƙin, ya ambaci jami'in da bai lura da abin da ke haɗuwa ba, ya kuma ambaci ƙarancin ma'aikata da yawan ƙarin lokacin aiki da ya hana su isasshen hutu da horo.

Ranku ya daɗe, an ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kayan haɗin da suka taru a waɗancan wurare muna da su a gida, har da ƙari.

Kano ce jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan a 1925, kuma filin Malam Aminu Kano yana da tituna biyu, 06/24 da 05/23, jiragen farar hula da na sojan sama na amfani da filin. Lambar titi daga alƙiblarsa ake ɗaukar ta, saboda haka 05 da 06 kusan waje ɗaya suke fuskanta, kuma a rediyo mai ƙara lamba ɗaya ce ta raba su. Abuja titi ɗaya gare ta, 04/22. Jirgin shugaban ƙasa, da na fasinja, da na shata, da na masu hannu da shuni, duk shi suke hawa. Mun ga yadda aka koma Kaduna mako 6 a 2017 da aka rufe shi don gyara. Ilori tana da kwalejin koyon tuƙi a filin da jiragen fasinja ke sauka. Ɗaliban Zariya kuma dole wata rana su bar sararin da suka saba, su je manyan filaye su koyi magana da hasumiya mai cunkoso, domin haka horon yake.

Cunkoson namu ma ba kullum yake zuwa da sanarwa ba. Filin da ya saba ganin jirage ƙalilan a yini, ranar ɗaurin auren 'ya'yan manya, ko ranar gangamin siyasa, ko ta'aziyyar wani babba, sai ka ga ƙananan jiragen alfarma sun cika harabar har ba wurin ajiyewa. Matuƙansu da yawa baƙi ne a filin, wasu ranar ce farkon zuwansu, kuma mai jirgin na baya yana duba agogo. Lokacin jigilar alhazai kuma manyan jirage ne ke shigowa filayen jihohi, da dare da rana. Jami'an hasumiyar dai su ne na jiya, adadinsu bai ƙaru ba don an yi biki.

Sai hazo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kowa ya san yadda ƙurar hunturu ke rufe Kano da Sakkwato da Maiduguri da Kaduna har gani ya gaza kilomita ɗaya. Ku yi lissafin da ni. Jirgin da ke gudun kilomita 250 a awa yana cin kusan mita 70 a daƙiƙa. Idan gani mita 800 ne, daga lokacin da matuƙi zai iya hango abu a kan titi zuwa lokacin da zai iske shi daƙiƙa 11 ne, in ma ya hango. Farin jirgi a cikin farar ƙura ba ya fitowa da wuri. Shi kuma jami'in hasumiya a irin wannan rana ba ya ganin ƙarshen titinsa, abin da matuƙi ya gaya masa shi ne idonsa.

Abin da ke faruwa idan wannan idon ya yi kuskure, birnin Milan na Italiya ya nuna wa duniya. Ranar 8 ga Oktoba 2001 a filin Linate, cikin hazo mai kauri, wani ƙaramin jirgin alfarma Cessna Citation da matuƙa baƙi ya bi hanyar da ba ita aka ba shi ba. A hanya matuƙin ya ga wata alama a ƙasa, S4, ya faɗa wa hasumiya. Jami'in bai san alamar ba, domin ba ta cikin taswirar da ke gabansa, sai ya ɗauka jirgin na inda ya tura shi, ya ce ya ci gaba. An cire tsohuwar radar ƙasa, sabuwar ba ta fara aiki ba. Cessna ya shiga titi daidai lokacin da jirgin fasinja na kamfanin SAS ke gudun tashi. Mutum 118 suka rasu, har da ma'aikata 4 a ɗakin kayan fasinja da jirgin ya faɗa wa. Fenti da allo da taswira da ba su yi magana da murya ɗaya ba, su ne suka buɗe ƙofar.

Don haka roƙona na farko ga FAAN ne, kuma ba mai tsada ba ne. Layin tsayawa a bakin titi, layukan nan huɗu masu ruwan ɗorawa, biyu miƙaƙƙu biyu yankakku, shi ne iyaka tsakanin rai da ajali. Rana na cin fenti, damina na wanke shi, ƙura na binne shi, ciyawa na rufe jan allon da ke gefensa. Ina roƙo a riƙa duba su da idon matuƙin ƙaramin jirgi, ba daga cikin doguwar mota ba. Wanda ke gaban Boeing yana kallon ƙasa daga bene, na Cessna idonsa bai fi mita biyu daga kwalta ba, layin da ya koɗe sai ya taka shi kafin ya gan shi. A zagaya da magariba, a zagaya da asuba, a zagaya ranar hazo, taswira a hannu. Duk abin da ke rubuce a ƙasa ya kasance yana cikin taswirar matuƙi da ta jami'in hasumiya, kuma a yi wa wuraren da aka fi ruɗewa da'ira a taswirar kamar yadda ICAO ta tanada.

Ga NAMA kuma, abin da Sarasota da Los Angeles suka saya da rayuka, mu karɓe shi kyauta. Duk jirgin da zai tashi daga mahaɗa, matuƙi ya ambaci sunan mahaɗar, jami'i ya ambace ta, kowane lokaci, ko da filin babu kowa. Kada a sa jirgi ya hau titi ya jira a wurin da hasumiya ba ta ganinsa, da dare ne ko cikin hazo. Kada a ba da izinin ƙetare titi a dunƙule cikin dogon umarni. Kowane titi da izininsa, kuma a saurari maimaitawar matuƙi da kunnen neman kuskure, lambar titi da lambar jirgi duka. Motar sintiri, da ta 'yan kwana-kwana, da ta masu yankan ciyawa, in za su hau titi su kasance a tashar rediyon da jirage ke ji, domin matuƙin da ke tafe ya san da su.

Na san za a kawo maganar na'urori, kuma ina goyon baya. Radar ƙasa da jajayen fitilun tsayawa da ke kwance a kwalta suna ceton rai. Amurka ta sa babbar na'urar sa ido a ƙasa a manyan filaye 35, kuma daga 2024 ta fara sa wa matsakaitan filaye wani allo mai sauƙin kuɗi da ke nuna jirage daga siginar da su da kansu ke fitarwa. Irin wannan ya dace da filayen jihohinmu. Sai dai Haneda ta Tokyo, ɗaya daga cikin filayen da suka fi kayan aiki a duniya, ta nuna iyakar na'ura. Ranar 2 ga Janairu 2024 an ce wa jirgin dakarun tsaron gaɓar teku, wanda ke ɗauke da agaji zuwa yankin girgizar ƙasa, ya je layin tsayawa, an kuma gaya masa shi ne na ɗaya a layi. Ya hau titi ya tsaya wajen daƙiƙa 40. Jajayen fitilun wurin ana gyaransu, allon hasumiya ya nuna gargaɗi amma ba a lura ba. Airbus A350 ya sauka a kansa. Mutum 379 na babban jirgin duka suka tsira da ikon Allah, 5 daga cikin 6 na ƙaramin suka rasu. Na'ura tana buƙatar mutumin da aka ware don ya kalle ta, wanda ya yi barci ya ƙoshi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jami'in da aka haɗa wa titi da ƙasa da wayar tarho a ranar cunkoso, an riga an shirya masa mantuwa. Ku ɗauki ma'aikata, ku horar da su, ku tsare musu lokacin hutunsu, kuma idan an san gobe akwai taron da zai jawo jirage, a ƙara mutum a hasumiya tun yau.

Yanzu ga 'yan'uwana malaman Zariya, ku da kuka horar da matuƙa da jami'an hasumiyar ƙasar nan tun 1964. Nan ne maganar ta fi taɓa mini zuciya, domin amsar da yaron nan ya ba ni ta tarbiyyarmu ce. Mun tashi a gidajen da yaro ba ya katse babba, ba ya ce masa ka yi kuskure, ko sunansa ba ya kama wa. Wannan kunya ado ce a zaure, ina alfahari da ita, kuma da ita na tarbiyyantar da 'ya'yana. A bakin titi kuwa tana iya kashe mutum. Ɗalibi ya ji murya mai kauri daga hasumiya, ta dattijo mai saurin magana, bai gane rabin umarnin ba, sai ya ce to, don kada manyan matuƙan da ke sauraro su ce ɗan koyo ya cika tashar. Ya ci gaba da tafiya yana fatan hanyar da ya bi ita ce.

Ba a cire wannan da lacca ɗaya. Sai an yi ta maimaitawa har ya zama jiki. Ni abin da na koma yi bayan waccan ranar shi ne, a ɗakin gwaji nakan zama hasumiya, in ba ɗalibi umarnin da na san kuskure ne da gangan, in ga ko zai tanka. In ya bi, mu sake. In ya ce sake faɗi, ko ya ce ba zan iya ba, ko ya ce tabbatar mini titin nan nawa ne, in yaba masa a gaban 'yan'uwansa. Nakan ce musu matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ya tsaya cak a hanyar shiga ya ce na ɓace, ya fi mini wanda ya yi shiru ya iso daidai bisa sa'a. Su saba da waiga hagu da dama kafin hawa kowane titi ko da an ba su izini, su kunna duk fitilar da jirgin ke da ita in sun hau, kuma in sun yi minti ɗaya a kan titi ba a kira su ba, su yi magana. Ɗaliban hasumiya kuma a koya musu cewa in suka daka wa ɗan koyo tsawa yau don ya yi tambaya, sun rufe bakin da zai cece su gobe. Idan matuƙi ya ce shi ɗalibi ne, a rage gudun magana, a ba shi umarni guntu-guntu.

Mun yi imani da ƙaddara, kuma babu wanda zai wuce kwanansa. Amma wanda ya koya mana tawakkali shi ya ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Ga NCAA, ku ne riƙe da sanda, shi ya sa abin da zan roƙa a wurinku ya fi wuya. Ku buɗe ƙofar da matuƙi ko jami'in hasumiya zai ba da labarin kuskurensa ba tare da fargabar rasa lasisi ko abincinsa ba, matuƙar ba ganganci ya yi ba. Amurka ta koyi wannan da ciwo. A Disamba 1974 jirgin kamfanin TWA ya daki dutse yana gangarowa Washington, sai bincike ya gano cewa makonni kaɗan kafin nan wasu matuƙan wani kamfani sun yi irin wannan ruɗewar a wuri guda sun tsallake rijiya da baya, amma labarin bai fita daga kamfaninsu ba. Daga nan aka kafa tsarin kai rahoto a asirce a 1976, aka damƙa shi a hannun NASA, hukumar da ba ta hukunta kowa, don mutane su saki jiki. Mu a nan, labarin shanu a kan titi kowa na ji, kamar na Fatakwal a 2005 da jirgin Air France ya afka wa garke, domin saniya ba ta ɓoyuwa. Jirage biyu da suka kusa haɗuwa da magariba kuwa mutum uku ne suka sani, kuma dukansu suna da dalilin yin shiru. Duk shirun da aka yi, darasi ne aka binne.

Abin da aka tara kuma a fitar da shi. Kowace shekara a buga adadin kutsen titi na kowane fili, da matakin haɗarinsa, da abin da aka gyara, ba tare da sunan kowa ba. Idan adadin ya hau a shekarar farko kada ku ji kunya, alama ce mutane sun fara magana. NSIB, hukumarmu ta binciken haɗurra, tana binciken abin da ya riga ya faru. Wannan lissafin shi zai rage mata aiki. Kwamitin kiyaye titi na kowane fili, wanda ICAO ta ba da shawarar a kafa, ya riƙa zama a kai a kai, kuma a ajiye kujera a ciki ga makarantun tuƙi da matuƙan ƙananan jirage, kada ya zama taron manyan kamfanoni kaɗai.

Akwai abu ɗaya da za ku iya yi kafin hunturun bana ya shigo, ba sai an jira kasafin kuɗi ba. Kowane ɗalibin tuƙi ya hau hasumiya ya yi awa biyu a tsaye bayan jami'i a lokacin cunkoso, ya ga yadda jirginsa ke zama ɗigo a cikin ƙura. Kowane jami'in hasumiya kuma a sa shi a kujerar dama ta ƙaramin jirgi, a kai shi kan titi da magariba, a juya bayansa ga masu sauka, a bar shi minti ɗaya yana sauraron rediyo. Idan malaman Zariya na da buƙata, zan zo da kuɗin motata in zauna da ɗalibai in ba su labarin waccan magaribar tun daga farko.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tuƙin ƙananan jirage, daga Kaduna